Ƙwayoyin rage ƙiba da ake saye ba da takardar likita ba: suna aiki kuwa?

Daga Yamai zuwa Garwa, daga Njamena zuwa zangon Kumasi, kayan rage ƙiba sun cika kantuna da shafukan WhatsApp da TikTok: kafso, shayi, kofi, har da garin da ake damawa a sha. Alƙawarinsu kusan ɗaya ne, wai tumbi zai zube cikin sati biyu ba tare da mutum ya taɓa cimarsa ba. Abin da binciken likitoci ya nuna shi ne, magani ɗaya ne tak a cikin waɗanda ake sayarwa ba da takardar likita ba yake da hujja mai ƙarfi, kuma shi ma aikinsa kaɗan ne. Sauran ko dai ba sa yin komai, ko ruwan jiki suke fitarwa, ko kuma an ɓoye wani magani mai haɗari a cikinsu.

Orlistat, wanda ake da hujja a kansa

Orlistat na miligiram 120 ana sayar da shi da sunan Xenical, kuma sai da takardar likita. Rabinsa, mai miligiram 60, shi ne Alli, wanda Amurka ta yarda a sayar ba da takarda ba a 2007, Tarayyar Turai kuma a 2009. Ba ya taɓa ƙwaƙwalwa, ba ya kashe yunwa. A hanji yake aiki: yana hana sinadarin da ke narkar da maiƙo yin aikinsa, sai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na maiƙon da aka ci ya wuce ya fita da bayan gida.

Nawa ake ragewa? A gwaje-gwajen da aka yi na shekara guda, waɗanda suka sha mai miligiram 120 tare da rage abinci sun fi waɗanda suka rage abinci kawai da kilo kusan 3. Kilo 3 a shekara, ba a sati ba. Idan aka daina sha aka koma cimar da, nauyin yakan dawo.

Akwai wani abin da mai talla ba zai faɗa ba. Orlistat maiƙo kaɗai yake tarewa. Ba ruwansa da tuwo, shinkafa, burodi, fura mai sukari, lemon kwalba ko shayin da ake zuba wa sukari cokali huɗu. Wanda ƙibarsa daga nan take, kuɗinsa kawai zai kashe. Wanda kuma ya sha ya bi da ƙosai, soyayyen nama ko miya mai manja da yawa, zai ga sakamakon a wandonsa: bayan gida mai maiƙo, tusa mai fitowa da mai, da matsuwar da ba ta jira a kai ban ɗaki. Maganin yana rage shigar bitamin A, D, E da K a jiki, shi ya sa ake haɗa shi da ƙwayar bitamin da dare. Yana karo da warfarin mai tsinka jini, da maganin maƙoshi levothyroxine, da ciclosporin na waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Zawo mai tsanani na iya hana ƙwayar tsarin iyali aiki. Mai ciki da mai shayarwa ba sa sha. A 2010 hukumar magunguna ta Amurka ta ƙara gargaɗi a takardarsa game da lalacewar hanta, ko da yake ba kasafai hakan ke faruwa ba.

Shayin rage tumbi

Yawancin shayin da ake kira na wanke ciki ko rage tumbi yana ɗauke da ganyen senna, ɗan uwan filaskon da aka sani a ƙasar Hausa, wani lokaci da ganyaye masu sa fitsari. Mutum zai yi ta zuwa ban ɗaki, ya hau sikeli ya ga ya ragu da kilo biyu, ya ce magani ya yi. Abin da ya fita ruwa ne da kashi. Kafin abinci ya kai babban hanji, inda senna ke aiki, jiki ya riga ya tsotse kusan duk ƙarfin da ke cikinsa. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori wajen 7,700, abincin kwana uku ko fiye na babban mutum, don haka babu ganyen da zai narkar da kilo uku na kitse a sati.

Illar kuwa ta gaske ce. Yawan zawo yana zubar da sinadarin potasiyom, wanda bugun zuciya ya dogara da shi, ga jiri, kasala da murɗawar ciki. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a yankin Sahel, ƙarancin ruwa a jiki na iya taɓa ƙoda. Haka abin yake ga masu shan furosemide, wato Lasix ko Lasilix, don su rame: maganin masu kumburi da ciwon zuciya ne, ruwa kawai yake fitarwa.

"Ai ganye ne"

Wannan ita ce kalmar da ta fi sayar da kaya. A Amurka, inda ake yin da yawa daga cikin waɗannan kafso, dokar 1994 ta ɗauke su a matsayin ƙarin abinci, saboda haka kamfani ba ya buƙatar nuna cewa suna aiki kafin ya kai su kasuwa. Rubutun "an yi a Amurka" a jikin kwalba ba shaidar gwaji ba ne.

Garcinia cambogia, wani ɗan itace na kudancin Asiya, an gwada shi tun 1998 ba a ga ya fi ƙwayar banza ba, kuma an samu rahotannin ciwon hanta a tsakanin masu shansa. A 2025 hukumar lafiyar abinci ta Faransa, Anses, ta shawarci jama'a su guje shi, gwamnati kuma ta dakatar da sayar da shi. Koren shayi da ake dafawa a sha ba shi da matsala, amma kafson da aka tattara sinadarinsa a ciki wani abu ne daban: a 2018 hukumar abinci ta Turai ta ce daga miligiram 800 na sinadarin EGCG a rana ana ganin alamun rauni a hanta. Amurka ta haramta ephedra a 2004 bayan mace-mace ta hanyar bugun zuciya da shanyewar jiki. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Beljiyam a farkon shekarun 1990: wani asibitin rage ƙiba a Burasel ya ba mata haɗin ganyayen Sin da aka yi kuskuren sa Aristolochia a ciki. Fiye da mutum 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa sun koma wankin ƙoda ko dashe, wasu suka kamu da kansar mafitsara.

Idan ya yi aiki da sauri

A nan ne babban haɗarin yake. Kafson da aka ce na ganye ne, amma ya kashe yunwa gaba ɗaya, ya busar da baki, ya hana barci, zuciya na bugawa da sauri, akwai yiwuwar an saka masa sibutramine. An sayar da wannan magani da sunan Reductil, a Faransa kuma Sibutral, har aka janye shi a 2010 bayan wani bincike a kan mutum kusan 10,000 masu matsalar zuciya ya nuna ƙarin kashi 16 cikin ɗari na bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Tun daga lokacin hukumomin magunguna a ƙasashe da dama suna ta gano shi a ɓoye cikin kafso da kofin rage ƙiba, ba tare da an rubuta sunansa ba. Mai ƙiba sau da yawa yana da hawan jini bai sani ba, kuma shi ne ya fi kowa shiga haɗari. Akwai kuma DNP, wani sinadarin masana'antu mai launin ɗorawa da ake sayarwa ta intanet. Yana ɗaga zafin jiki har ya kashe, kuma ba shi da makari. Interpol ta fitar da gargaɗi a kansa a 2015.

Masu bin labaran Faransa za su tuna da Mediator na kamfanin Servier. Shi da takardar likita ake ba da shi, na masu ciwon sukari ne, amma aka riƙa rubuta wa mutane don kashe yunwa. Ya yi shekara 33 a kasuwa kafin a janye shi a 2009, bayan likita Irène Frachon ta birnin Brest ta nuna yana lalata ƙofofin zuciya. An ƙiyasta ya kashe tsakanin mutum 500 zuwa 2,000, kotu kuma ta samu kamfanin da laifi a 2021. Wannan a ƙasa mai tsauraran dokokin magani ke nan. Sai a kwatanta da kafson da ya tsallako iyaka a cikin kwali, ya kwana a rana kan tiren mai talla. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci. (A tire ɗaya ɗin ne kuma ake sayar da dexamethasone da cyproheptadine ga ƴan mata masu neman ƙiba, abin da ake kira sha ka fashe.)

Alluran zamani irin su Ozempic da Wegovy ba sa cikin wannan sahu. Suna aiki sosai, a babban gwajin da aka yi an rage wajen kashi 15 cikin ɗari na nauyi a sati 68, amma sai da takardar likita da kulawarsa, kuma suna da tsada. A Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi game da jabunsu, saboda haka wanda aka tallata a waya da araha abin zargi ne.

Kafin a saya

A fara sanin ko akwai ƙibar da ke buƙatar magani. Ana raba nauyi a kilo da tsawo a mita sau biyu: mai kilo 85 da tsawon mita 1.65 zai samu 31. Daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 ƙiba ce. A auna hawan jini da sukari a asibiti ko farmasi. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 85, ya isa ya sauko da sukari da hawan jini, kuma rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati shi ne saurin da likitoci ke ganin ya dace.

Wanda ya riga ya fara shan wani abu, ya tsaya nan take ya je asibiti idan ya ga idonsa ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, ciwo a dama ƙarƙashin haƙarƙari, ciwon ƙirji, bugun zuciya mai sauri, suma, ko zazzaɓi da gumi ba dalili. Ya tafi da kwalbar ko kwalin, domin likita ya ga abin da aka sha, kuma a iya kai rahoto ga hukumar magunguna ta ƙasar, kamar NAFDAC a Najeriya ko FDA a Gana.