Daga Azara Zuwa Rodi: Tarihin Ƙashin Gini a Ƙasarmu

Kowane gini yana da ƙashinsa, wato abin da ke ɗauke da nauyin rufi. A ƙasar Hausa azara ce ƙashin. Daga itacen giginya ake tsaga ta, gara kuma ba ta cika cin ta ba. Aibinta ɗaya: idan tazara ta kai kamar mita 2, ba ta jure nauyin ƙasar rufi.

Don haka magina suka ƙirƙiro bakan gizo. Sai su dasa azara a bango, su ɗaure wata bisa wata da igiya, kowace tana ɗan zarce 'yar'uwarta, har ɓangarorin biyu su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe da ƙasa. Wanda ya shiga soro ya ɗaga kai, zai ga hanyar da nauyi ya bi ya sauka ƙasa. Ƙashin shi ne adon.

Wannan fasaha ta kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim. A shekarun 1970 aka lulluɓe shi da ginin kankare.

A nan yankinmu, canji ya biyo layin dogo, wanda ya iso Ƙauran Namoda a 1929. Jirgi ya kwashi gyaɗa da auduga, ya sauke kwano da siminti, daga nan suka bazu zuwa Zurmi da Shinkafi. Sannu a hankali rodi ya gaji azara, ginshiƙin kankare ya gaji bakan gizo. Rodi ya fi azara ƙarfi, ba musu. Amma yanzu mukan ɓoye ƙashin a bayan silin, har mai gida ba ya gane ginshiƙin da aka yi wa rowar rodi sai ranar da ya tsage.

Ba dole ne tsohuwar fasaha ta mutu ba. Masallacin ƙasa na Yama a jihar Tawa ta Nijar, wanda Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya ci lambar Aga Khan a 1986.

Mu marubuta, aikinmu ne mu nemi tsofaffin maginan da suka rage, mu rubuta sunan kowace dabara daga bakinsu tun suna raye. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya sa mu dace.