Daga Wayar Tagulla zuwa Ruwan Teku: Tarihin Eriya da Buƙatar Manomin Ƙasar Kano

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin eriya, wato sandan nan ko wayar da ke kamo wa rediyo magana daga iska, sa'an nan mu auna wata sabuwar dabara ta yin eriya da ruwa, mu ga ko ta dace da karkararmu.

Zuwan Rediyo Karkara

A 1944 ne Turawan mulkin mallaka suka kawo rediyo birnin Kano, amma ta waya ake jawo shi zuwa akwatunan da aka kakkafa a gidaje da dandali. Inda waya ta tsaya, nan magana ta tsaya. Saboda haka manomin Bici ko Ɗambatta bai sami rabonsa ba sai da ƙaramar rediyo mai batir ta yaɗu a shekarun 1960. Wannan kuwa ya zo daidai da buɗe Sashen Hausa na BBC a 1957 da Rediyon Kaduna a 1962. Ɗan sandan ƙarfen da ake zarowa daga akwati shi ya kai labarin duniya har bakin gona.

Eriyar Ruwa

Masana sun nuna cewa eriya ta fi aiki idan tsawonta ya kai rubu'in tsawon zangon da take kamawa. Alal misali, zango mai mita 49, wanda aka daɗe ana kama Kaduna a kansa, yana son waya mai kimanin mita 12. A jirgin ruwan yaƙi, inda eriyoyi suka yi cunkoso, samun wurin kafa irin wannan abu ne mai wuya. Wannan ne ya sa Daniel Tam, injiniya a cibiyar binciken sojan ruwan Amurka da ke San Diego, ya yi dabarar tsarto ruwan teku sama da famfo. Da yake ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, sai tsartuwar ta zama eriya. A ƙara mata tsawo ko a rage gwargwadon zangon da ake nema. An yi wa dabarar rajista a 2011. A 2016 kuma kamfanin Mitsubishi na Japan ya nuna tasa, wadda ta kamo hoton talabijin.

Mu Dawo Gida

To, ko ruwan madatsun Tomas da Watari zai yi wannan aiki? Amsa ita ce a'a. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kamar giram 35, kuma ta fi ruwan daɗi ɗaukar lantarki nesa ba kusa ba. Ko da an zuba wa namu gishiri, sai an sayi famfo da man da zai sha, alhali kuwa malalar ruwan gishiri kashe gona take yi. A ƙasar da ake nome kowane taƙi, ba manomin da zai yarda da wannan hasara. Wayar tagulla da aka ɗaura a reshen ɗorawa ta ishe shi.

Kammalawa

Mun ga cewa ƙarancin wuri da yalwar ruwan gishiri su suka haifi eriyar ruwa, mu kuwa ruwan daɗi gare mu, shi ma na sha ne da na noman rani. Don haka, kafin hukuma ta kashe kuɗin talakawa a kan wata baƙuwar na'ura, wajibi ne mu malamai mu fara tambayar wace matsala aka ƙera ta don ta warware, kuma matsalar ta su wane ne.