Daga Firashi Zuwa Gwajin DNA: Tarihin Kalmomin Tabbatar da Uba a Hausa

1.0 Gabatarwa

Kalmomin da Hausa take amfani da su wajen tabbatar da uban yaro ba lokaci ɗaya suka shigo ba. Akwai na gida, akwai na fiƙihu da aka aro daga Larabci, sannan akwai na kimiyyar zamani. Wannan takarda za ta bi tarihinsu domin nuna cewa kowane rukuni yana da tambayar da yake amsawa. Ɗalibin fassara da ya cakuɗa su yana iya raba yaro da sunan ubansa da kuma gadonsa.

2.0 Kalmomin Gida

Bahaushe yana rarrabe ƴaƴa ta fuskar aure da zama. Ɗan halas shi ne wanda aka haifa cikin aure, shege kuwa kishiyarsa. Ɗan gaba da Fatiha shi ne wanda cikinsa ya riga ɗaurin aure. Agola ɗa ne da mace ta zo da shi daga wani aure, ɗan riƙo kuma wanda ake reno a gidan da ba na iyayensa ba. Duk waɗannan kalmomi matsayin yaro a cikin gida suke bayyanawa, babu wadda take auna jini.

3.0 Kalmomin Fiƙihu

Littattafan Malikiyya da aka daɗe ana karantawa a ƙasar Hausa, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid (ya rasu a 996) da Muhtasar na Halil, su suka kawo kalmomin shari'a. Babbarsu ita ce nasaba, wato dangantakar da shari'a ta amince da ita, wadda gado da walicci da ciyarwa suka rataya a kanta.

Hanya ta farko ta tabbatar da nasaba ita ce firashi, wato shimfiɗar aure: ɗan da matar aure ta haifa ana danganta shi ga mijinta, muddin haihuwar ta zo bayan wata 6 da aure. Sai kuma iƙirari da shaida. Idan miji zai kore ɗa, hanyarsa ita ce li'ani, kamar yadda ya zo a Suratun Nur, aya ta 6 zuwa ta 9: ya rantse sau huɗu, a ta biyar ya kira wa kansa tsinuwa idan ƙarya yake yi, matar ita ma ta yi nata rantsuwar, sai a raba su. Akwai kuma ƙiyafa, wato gane dangantaka ta hanyar duban kamanni, musamman ƙafafu. Ita ce ta fi kusa da aikin kimiyya.

Haka kuma, Malikiyya ta yarda ciki yana iya daɗewa har shekara 4 ko 5, abin da Hausawa suke kira kwantaccen ciki. Wannan hujja tana cikin waɗanda kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta Katsina ta karɓa lokacin da ta sallami Amina Lawal a 2003.

4.0 Zuwan Kimiyya da Dokar Turawa

Dokokin Turawa su ma sun ɗora uba a kan aure, sai dai sun ƙayyade kwanaki. Dokar Faransa ta 1804 ta tsaya a kan kwana 300 bayan rabuwar aure, dokar shaida ta Nijeriya ta 2011 kuma kwana 280.

A 1901 Karl Landsteiner ya gano rukunonin jini a birnin Biyana. Daga shekarun 1920 kotunan Jamus suka fara amfani da su, amma gwajin jini iyakarsa ya kore mutum, ba ya iya nuna wane ne uban. A 1984 Alec Jeffreys na Jami'ar Lesta a Ingila ya gano hanyar bambance mutane ta DNA. An fara aiki da ita a 1985 a kan wani yaro ɗan asalin Gana da hukumar shige da fice ta Birtaniya ta yi shakkar danginsa, gwajin kuwa ya nuna ɗan gidan ne. Tushen aikin shi ne kowane mutum yana samun rabin DNA ɗinsa daga uwa, rabi daga uba.

Malaman fiƙihu sun duba wannan sabon abu a taron Makka na 2002, ƙarƙashin Rabiɗa. Sun kira shi basma wirasiyya, wato tambarin gado, suka halatta shi idan an musanya jarirai a asibiti, ko yara sun ɓace a yaƙi ko bala'i, ko ana jayayya a kan wanda ba a san nasabarsa ba. Sai dai sun hana a kore tabbatacciyar nasaba da shi, ko a fifita shi a kan li'ani.

5.0 Matsalolin Fassara

Kafofin yaɗa labarai na Hausa sun fi cewa gwajin ƙwayoyin halitta. Matsalar ita ce ana amfani da ƙwayar halitta wajen ambaton ƙaramin ɗakin da jiki ya ginu da shi, da kuma sinadarin DNA da yake cikinsa. Wasu suna cewa ƙwayoyin gado, wanda ya fi fayyacewa. To amma a rubutun boko gadon kwanciya da gadon dukiya kamarsu ɗaya: na farko yana da gajeren wasalin farko, na biyu dogo, kuma karin sautinsu ya bambanta. A maganar da ta haɗa shimfiɗa da rabon dukiya, dole jimla ta nuna wanda ake nufi.

Abu na biyu, mutumin da ake gwadawa, a kira shi wanda ake zaton shi ne uba. Cewa wanda ake zargi tana ɗora masa laifi tun kafin hukunci. Na uku, sakamako iri biyu ne: ko dai korewa, ko yiwuwa mai ƙarfi da take wuce kashi 99 cikin 100. Fassara ta biyun da tabbacin nasaba kuskure ne, domin nasaba alƙali ne yake yanke ta.

6.0 Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa kalmar uba tana ɗauke da ma'ana uku: uban jini, uban shari'a, da uban riƙo. Gwajin DNA na farkon kaɗai yake ganowa. Saboda haka, ya kamata mai fassara a kotu ko asibiti ko gidan rediyo ya fara tantance wane uba ake magana a kansa kafin ya zaɓi kalma.