Daga Edgar Speyer Zuwa Shamima Begum

A watan Disamba na 1921 gwamnatin Birtaniya ta soke takardar zama ɗan ƙasa ta Sir Edgar Speyer. Hamshaƙin mai banki ne, haihuwar New York, iyayensa Jamusawa, ya zama ɗan Birtaniya tun 1892. Da kuɗinsa aka shimfiɗa wasu layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, har ya kai ga shiga majalisar mashawartan sarki. Da yaƙin 1914 ya ɓarke, sai aka tuna da asalinsa. Har cewa aka yi yana haska wa jiragen ruwan Jamus fitila da dare daga gidansa na bakin teku a Norfolk. Tsangwama ta kore shi zuwa Amurka a 1915, bayan yaƙi kuma aka kafa masa kwamiti, aka ce ya nuna rashin biyayya ga sarki. Matarsa da 'ya'yansa mata ma hukuncin ya haɗa da su.

Na ɗauko zancen daga nan ne domin mutane da yawa sun zaci a kan mayaƙan IS aka ƙirƙiro wannan doka. Ta girme su nesa ba kusa ba. Dokar 1914 ta ba da ikon soke takardar wanda ya samu ta hanyar zamba, gyaran 1918 ya ƙara rashin biyayya da hulɗa da abokan gaba. Amma a lokacin baƙon da ya nema aka ba shi da iyalansa kaɗai take taɓawa. Wanda aka haifa a ƙasar, ko ya kashe mutum ko ya ci amanar ƙasa, sai dai kurkuku ko igiya, yana ɗan ƙasa. Klaus Fuchs, masanin kimiyyar da ya sace wa Tarayyar Sobiyet sirrin bam ɗin nukiliya, an ɗaure shi a 1950 an kuma karɓe takardarsa, don shi ma daga Jamus ya zo. Bayan 1973 wuƙar ta koma kube, ta yi kusan shekara talatin ba a zare ta ba.

Harin 11 ga Satumba ne ya sa aka waiwaye ta. Dokar 2002 ta ce ko haifaffen Birtaniya ne ana iya raba shi da ƙasar idan ya yi abin da ya cutar da muhimman muradunta, muddin yana da wata ƙasar. An fara gwada ta a kan Abu Hamza na masallacin Finsbury Park a 2003, aka yi ta ja har 2010, kotu ta ce ba zai yiwu ba tunda Masar ta riga ta sallame shi. Bayan bama-baman Landan na Yulin 2005 aka sassauta sharaɗin: ya wadatar sakataren harkokin cikin gida ya gamsu cewa yin hakan maslaha ce ga jama'a. Ba sai an gurfanar da kai ba, ba sai alƙali ya same ka da laifi ba. Da Kotun Ƙoli ta ba Hilal al-Jedda, wani da aka ƙwace wa takarda, gaskiya a 2013, sakatariyar harkokin cikin gida Theresa May ta koma majalisa, dokar 2014 ta halatta barin baƙon da aka ba takarda ba shi da ƙasa, in dai ana ganin zai iya samun wata. Kusan duk lokacin da kotu ta taka wa gwamnati burki, majalisa ce ke biyo baya da sabon gyara.

A haka doka take lokacin da 'yan mata uku 'yan makarantar Bethnal Green suka bi ta filin jirgin Gatwick a Fabrairun 2015. Kyamarar tsaro ta ɗauke su suna wucewa da jakunkunansu, kamar masu tafiya hutu. Ɗaya daga cikinsu, Shamima Begum, tana da shekara 15. Suka sauka Istanbul, aka tsallaka da su Siriya, aka aurar da ita ga wani mayaƙi ɗan ƙasar Holan. Bayan shekara huɗu ɗan jaridar The Times, Anthony Loyd, ya same ta a sansanin al-Hol da tsohon ciki, 'ya'yanta biyu sun riga sun rasu. Ta ce tana so ta koma gida, amma ta yi maganganun da suka tayar wa mutane da hankali, har da cewa ganin kan mutum a kwandon shara bai dame ta ba. Cikin 'yan kwanaki sakataren harkokin cikin gida Sajid Javid ya sa hannu aka raba ta da ƙasar. Mahaifiyarta aka aika wa wasiƙar a Landan, aka ce ta sanar da 'yarta. Jaririn da ta haifa ya rasu a Maris.

Ni ban ga abin karewa a tafiyarta ba, kuma waɗanda IS ta yanka wa iyaye, da matan Yazidawa da aka sayar a kasuwa, sun fi ta cancantar tausayi. Hujjar da aka kafa ce take damuna. An ce ba a bar ta babu ƙasa ba, domin dokar Bangladesh, ƙasar iyayenta, ta ɗauki 'yar ɗan ƙasar a matsayin tata har ta kai shekara 21, ita kuwa tana da 19. Bangladesh ta fito fili ta ce ba ta san ta ba, ba kuma za ta shigo ba. Haka aka yi wa Jack Letts na Oxford a 2019 saboda mahaifinsa ɗan Kanada ne, har Kanada ta koka cewa Birtaniya ta sauke nauyinta ta ɗora mata. Yara biyu za su tashi a titi ɗaya, su aikata laifi ɗaya; wanda kakanninsa duk Turawan Ingila ne dole a karɓe shi a hukunta, ɗayan kuma a rufe masa ƙofa.

Abin ya shafe mu kai tsaye. Sashe na 25 na tsarin mulkin Najeriya ya ce yaron da aka haifa a waje ɗan Najeriya ne idan uwa ko uba ɗan ƙasa ne. Ke nan duk ɗan namu da aka haifa a Peckham ko Manchester yana cikin rukunin da alƙalamin minista zai iya kaiwa, ko bai taɓa taka Kano ba. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan a gida: a Janairun 1980 aka kwashi Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Borno, aka ajiye shi a Chadi wai ba ɗan Najeriya ba ne, sai kotu ce ta dawo da shi.

Ba kowace ƙasa ta bi wannan hanya ba. Kotun Ƙolin Amurka ta hana gwamnati raba mutum da ƙasarsa ba da yardarsa ba tun 1967. A Faransa, François Hollande ya so sa irin wannan a tsarin mulki bayan harin Paris na 2015, ministar shari'arsa Christiane Taubira ta ajiye aiki, shi ma ya janye a Maris 2016. A Birtaniya kuwa Shamima ta sha kaye a Kotun Ƙoli a 2021, da kotun musamman ta shige da fice a 2023, duk da kotun ta yarda akwai zargi mai ƙarfi cewa safararta aka yi tana yarinya, sannan a Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2024. Kafin nan, dokar 2022 ta riga ta ba minista damar ƙwace takardar mutum a wasu yanayi ba tare da an aika masa ko da wasiƙa ba.