Labarin Masu Cin Abinci Da Abin Kyauta

Kwamfuta na'ura ce wadda ba ta iya kome sai abin da aka umurce ta. Umurnin nan da ake rubuta mata shi ake kira manhaja. Kowace manhaja kuwa tana da asalin rubutu, watau wanda masani zai iya karantawa ya gyara. Kamfanoni da yawa sukan sayar da manhaja, amma su ɓoye asalin, don kada wani ya san asirinsu. Kadan ta sami aibi, wanda ya saya ba shi da ikon taɓawa, sai dai ya zauna jiran kamfani.

A ƙasar Amurka an yi wani masani, sunansa Richard Stallman, yana aiki a wata babbar makarantar fasaha da ake kira MIT. Na'urar buga takardu ta wurin aikinsu ta riƙa cijewa, ya nemi asalin rubutun manhajarta, aka hana shi. Abin nan ya yi masa zafi ƙwarai. Cikin 1983 ya yi shela, zai rubuta manhaja wadda kowa ke da ikon karantawa, da gyarawa, da ba wani. Ya sa wa aikin suna GNU. Shekara na kewayowa ya ajiye aikinsa na albashi.

To, mutumin da ya bar albashi, kayansa kuma kyauta ne, da me zai ci? Ga dabarar da ya yi. Ya rubuta wata manhaja, Emacs, wadda kowa ke iya kwafa daga wurin ɗan'uwansa. Wanda bai sami inda zai kwafa ba, sai ya aiko da dala 150, a zuba masa cikin kaset, a aika masa ta gidan waya. Cikin 1989 kuma ya fitar da takardar sharaɗi, GPL, wadda ta ce duk wanda ya gyara manhajar, ya raba wa mutane, tilas ya bayyana asalin gyaransa.

Amma da sauran aiki, gama GNU ba ta gama zuciyarta ba, watau sashen da ke sarrafa ita na'urar kanta. Wannan daga ƙasar Finlan ya fito. Cikin 1991 wani ɗalibi na Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, mai shekara 21, ya rubuta irin sashen nan, ya sa shi a intanet. Aka kira shi Linux. Cikin 1992 ya sa shi bisa sharaɗin GPL, masana daga ƙasashe dabam dabam suka dinga sa hannu. Da aka gama shi da kayan GNU, sai aka sami cikakkiyar manhaja.

Daga nan 'yan kasuwa suka shigo. A Amurka wani saurayi, Marc Ewing, ya harhaɗa Linux yadda za ta yi sauƙin amfani, ya kira ta Red Hat, watau Jar Hula. Cikin 1995 suka gama kai da wani ɗan kasuwa, Bob Young. Da fari faifai suke sayarwa cikin kwali. Daga baya suka lura, manyan ma'aikatu irin su bankuna ba faifai ya dame su ba, abin da suke bukata shi ne wanda zai tsaya musu in abu ya lalace. Saboda haka suka koma karɓar kuɗi shekara shekara bisa alkawarin gyara da kulawa. Sana'arsu ta zama kamar ta mai ga-ruwa. Rijiya ta kowa ce, ladan ɗauko ruwa ake biya. Cikin 2012 cinikinsu na shekara ya wuce dala miliyan 1,000, cikin 2019 kuwa kamfanin IBM ya saye su a kan dala miliyan 34,000.

Kada dai a zaci kowa ya sami wannan rabo. Akwai wata manhajar kyauta, OpenSSL, wadda ke tsare asirin mutane a intanet, kamfanoni ba iyaka suna dogara da ita. Cikin Afrilu 2014 aka gano wani kuskure a cikinta, wanda ya yi wajen shekara biyu ba a sani ba, ɓarayi na iya bi ta nan su kwashe asirin jama'a. Aka kira shi Heartbleed. Da aka bincika, ashe gudummawar da masu aikin ke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, mutum ɗaya tak kuma shi ne ba shi da wata sana'a sai ita. Sa'an nan ne Google da Microsoft da IBM da waɗansu suka tara kuɗi don taimakon irin waɗannan ayyuka.

Abin lura a nan shi ne, manhaja tana yiwuwa ta zama kyauta, amma mai rubuta ta yana da ciki, yana da iyali. Inda aka biya ladan kulawa, aiki ya ɗore, masu yi suka wadata. Inda kowa ya ɗebi ruwa ya wuce, ba wanda ya tuna da mai yashe rijiya, sai ranar da ta rufta.