Ƴar Tsanar Maza: Yadda Kayan Wasan Yara Ya Zama Dukiyar Manya

A Amurka da Turai da Japan akwai magidanta, masu gemu da furfura, waɗanda ke ware ɗaki guda a gidajensu don jera ƴan mutum-mutumin roba: jarumai masu takobi, dodanni, sojojin sararin samaniya. Ba wai sun saya wa ƴaƴansu ba ne, nasu ne, kuma yaro bai isa ya taɓa ba. Idan ka ba wani labarin nan a fada, dariya zai yi ya ce Nasara da abin mamaki. Ni dai da na bi tarihin abin, sai na ga kasuwanci ne da aka gina mataki-mataki cikin shekara sittin.

A 1959 kamfanin Mattel ya fito da Barbie, ƴar tsanar ƴan mata, ya kwashi kuɗi. Wani kamfani na jihar Rhode Island, wanda daga baya aka sani da Hasbro, ya so ya yi irin wannan ciniki da yara maza. To amma wane uba ne a Amurkar wancan lokaci zai saya wa ɗansa ƴar tsana? Sai suka yi dabara. A 1964 suka fito da soja mai suna G.I. Joe, tsawonsa kusan santimita 30, gaɓoɓinsa na lanƙwasuwa, suka hana a kira shi ƴar tsana, suka raɗa mishi suna "action figure", wato mutum-mutumin gwagwarmaya. Ƴar tsana ce dai, ana tuɓe mata riga a sa mata wata, amma da aka sauya suna sai kunya ta kau.

Yaƙin Biyetnam ya sa iyaye da yawa suka ƙyamaci kayan wasan soja, tsadar man fetur ta 1973 kuma ta ɗaga kuɗin roba. Babban soja ya fara ja da baya.

A 1977 fim ɗin Star Wars ya fito. George Lucas ya riƙe haƙƙin kayan da za a ƙera da sunan fim ɗin, wani ƙaramin kamfani na birnin Cincinnati mai suna Kenner ya samu izinin yin kayan wasan. Ba su zaci fim ɗin zai karɓu haka ba. Kirsimeti ya zo, kaya ba su kammala ba. Me suka yi? Suka sayar da kwali, a ciki akwai takardar alkawari cewa za a aiko wa yaro mutum-mutumi huɗu ta gidan waya a farkon 1978. Kuma mutane suka saya! Kenner ya yi su ƙanana, ba su kai santimita 10 ba, ga araha, ga yawa. Yaron da a da soja ɗaya ya ishe shi, yanzu yana juya bayan kwali ya ga hoton sauran da bai mallaka ba. A ganina nan ne cutar tarawa ta samo asali. Tsakanin 1978 da 1985 an sayar da sama da miliyan 300.

Mattel ya ga ya makara, sai ya juya al'amarin. Maimakon a yi fim sannan a ƙera kayan wasa, a 1982 ya fara ƙera jarumin, He-Man, wanda masu kallon Faransanci suka sani da Musclor, a 1983 kuma aka yi mishi katun har kashi 130. Zamanin Reagan ne, hukuma ta sassauta dokokin talla a shirye-shiryen yara. Ke nan yaro ya zauna gaban tele minti ashirin da wani abu yana kallon talla, shi kuma a ransa tatsuniya ake yi mishi. Transformers ma haka aka yi a 1984, da kayan da Hasbro ya samo daga kamfanin Takara na Japan.

Mu da Faransanci ya ratsa ta lakkol, ta wata ƙofa abin ya iso mana. Goldorak ya shiga tele a Faransa a 1978, Les Chevaliers du Zodiaque kuma a 1988 cikin shirin Club Dorothée, kamfanin Bandai na biye da su da kwalayen jarumai masu sulke. Mu dai hoton muka fi samu. Kayan wasanmu na gaskiya motar waya ce da ta kara, da shanun laka da muke shanyawa a rana, kuma ba wanda ya taɓa tunanin ajiye su don gobe.

Yaran 1978 suka girma, suka fara ɗaukar albashi, suka koma gida neman kayansu, suka tarar uwa ta daɗe da zubarwa. Abin da aka ƙera miliyoyi ya zama mai wuyar samu, musamman wanda ba a taɓa buɗe kwalinsa ba. Kamfanoni ba su yi barci ba. A 1994 mai zane Todd McFarlane ya kafa nasa kamfani yana ƙera dodanni masu ban tsoro waɗanda kowa ya san ba na yara ba ne. A 1995 Kenner ya dawo da Star Wars, a shekarar kuma aka buɗe eBay, mai kaya a wannan gari ya haɗu da mai nema a wancan. A 2003 Bandai ya sake fito da jaruman Zodiaque da sulken ƙarfe, a farashin da sai mai albashi. A 2008 Mattel ya dawo da He-Man yana sayar wa manya kai tsaye ta intanet.

Labarin Boba Fett ne ya fi tsaya min a rai. A 1979 Kenner ya shirya fitar da shi da ƴar roka a baya mai harbawa. Kafin nan wani yaro ya rasu bayan ƴar rokar wani kayan wasa na Battlestar Galactica ta maƙale mishi a maƙogwaro, sai aka fasa, aka liƙe rokar. Ƴan samfurin gwaji kaɗan suka tsira. A 2024 an yi gwanjon ɗaya a kan dalar Amurka 525,000, sama da miliyan 300 na sefa, bayan ƴan watanni wani ya haura dala miliyan ɗaya. Roba ce da ba ta kai tsawon bik ba, kuma tsadarta daga mutuwar yaro ta samo tushe. Wannan bai yi min daɗi ba ko kaɗan.

Na san wani zai ce ai gumaka ne. Malamai sun yi magana kan ƴar tsanar yara, suna kafa hujja da hadisin Nana A'isha, amma babban mutum mai jera su a kanta wata mas'ala ce, na bar wa masu ilimi. Ban kuma raina mai tarawa ba. Iyayenmu mata ma suna jera kwanoni da tasoshin da ba a cin abinci a ciki, kuma wanda ya rasa abu yana yaro ya san daɗin mallakarsa da guminsa. Abin da nake ƙi shi ne yadda kasuwa ta juya ma'aunin. Yanzu akwai kamfanonin da aikinsu duba kwali, su ba shi maki, su rufe shi cikin akwatin roba mai haske da ba a buɗewa. Wanda yaro ya so, ya kwana da shi, ya tauna kansa, shi ne marar daraja.

Irin waɗannan ne ke isowa gare mu. Suna zuwa cikin kayan bosho daga Turai, a zube su kan tabarma a kasuwar Maraɗi ko Damagaram tare da tsofaffin takalma da jakunkuna, wani ba hannu, wani takobinsa ya ɓace tun a can. Idan ka juya ƙafarsa ko bayansa, sau da yawa za ka ga sunan kamfani da shekarar da aka ƙera shi, da ƙasar da aka zuba robar: Hong Kong, Taiwan, ko Sin.