Daga Gilasgo Zuwa Tokiyo: Yadda Rawar Sikotilan Ta Shiga Jirgin Ƙasa

A shekarar 1923 ne wasu mata biyu, Jean Milligan da Ysobel Stewart, suka jagoranci kafa wata ƙungiya a birnin Gilasgo domin ceto raye-rayen gargajiyar ƙasar Sikotilan, waɗanda sababbin kaɗe-kaɗen Amurka suke neman binnewa. Tsarin rawar shi ne maza su jeru a sahu ɗaya, mata su fuskance su a wani sahun, galibi huɗu-huɗu. Na gaba su taka nasu, su gangara ƙasa, na biye su karɓa. Aikin da ƙungiyar ta sa gaba shi ne tattaro tsofaffin raye-raye daga littattafai da bakin dattawa, ta daidaita takunsu, ta buga. Ƙirƙiro sabuwa kuwa ba ya cikin lissafinta.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya karya wannan ƙa'ida. A 1940 Jamusawa suka kama sojojin Runduna ta 51 a Faransa. Wasu hafsoshinsu da aka tsare a sansanin Laufen suka tsara wata rawa don rage zaman kurkuku, wadda masu yinta kan haɗa hannuwa su fitar da siffar giciyen tutar ƙasarsu. An ce da aka rubuto takun zuwa gida, masu tace wasiƙu sun zaci saƙon asiri ne. Ƙungiya ta yi jan ƙafa, amma a 1945 ta shigar da rawar cikin littafinta na 13. Wanda ya hana wannan rawa shiga, ai fursunonin yaƙi ya hana, kuma ba mai son a ce shi ne.

Da ƙofa ta buɗu, sai raye-raye suka yi ta fitowa da sunayen mutane da garuruwa, har da jiragen ƙasa. Hugh Thurston ya tsara wadda ya kira Flying Scotsman, wato jirgin da ke zirga-zirga tsakanin Landan da Edinbura, inda sahu kan bi jagora kamar taragu.

A nan ne Japan ta shigo. Tun 1865 wani ɗan kasuwar Sikotilan, Thomas Glover, ya nuna wa mutanen Nagasaki ƙaramin jirgi mai aiki da tururi. Bayan shekara 99, ran 1 ga Oktoba 1964, Japanawa suka buɗe layin Shinkansen tsakanin Tokiyo da Osaka, mai gudun kilomita 210 a sa'a, suka bar malamansu a baya. Ita ma rawar ta sami masoya a can, har aka kafa wa ƙungiyar reshe a Tokiyo, aka kuma sami rawa mai sunan Shinkansen. Masu ra'ayin riƙau na iya cewa an yi nisa da gida. Sai dai jirgin ya ba da suna da zafin nama ne kurum. Sahu biyun nan da takun da Milligan ta daidaita suna nan yadda suke.